Ya Fara Shan Maganin Ƙanjamau Sai Jiki Ya Ƙara Rikicewa: Tarihin Wannan Al'amari

Wannan takarda ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi, daga Ƙaramar Hukumar Ungogo a Jihar Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Yana cewa ƙanensa ya daɗe yana fama da tari da rama, aka kai shi asibiti aka ce tarin fuka ne tare da ƙwayar cutar ƙanjamau. Aka ɗora shi a kan maganin tari, ya fara samun sauƙi har yana fita bakin gona. Daga baya aka ƙara masa maganin ƙanjamau, mako biyu ba su cika ba sai zazzaɓi ya dawo, wuya ya kumbura, tari ya ƙaru. Yanzu mutanen gida sun rabu biyu, wasu na cewa maganin ne bai karɓe shi ba a zubar, wasu na cewa sammu ne. Shi ne yake tambaya, shin an taɓa ganin irin wannan, kuma mece ce mafita?

To, Malam, an taɓa gani, kuma an daɗe ana gani. Abin da zai ba ka mamaki ma shi ne, tushen labarin yana nan kusa da kai, a Yadakunya, wurin da mutane suka fi sani da Asibitin Bela. Tun cikin shekarun 1930 aka kafa wurin domin jinyar masu kuturta, inda En'e ta Kano da mishan na SIM suka haɗa hannu. A wancan zamani maganin da ake da shi allura ce ta man wani itace da ake kawowa daga ƙasashen Asiya, ga zafi ga ƙarancin amfani. Sai wajen 1950 wani likita mai suna John Lowe, da ke aiki a Uzuakoli cikin Jihar Abiya ta yanzu, ya nuna cewa ƙwayar dafson, wadda ake haɗiya kuma mai araha, tana kashe cutar. Cikin shekarun 1950 ƙwayar ta bazu a ɗakunan shan magani na Arewa.

Ma'aikatan kuturta sun san wani abu da kan faru, musamman a watannin farko na shan magani. Mutum yana cikin samun sauƙi, sai rana ɗaya tabon da ke jikinsa ya tashi ya yi ja ya kumbura, jijiyar gwiwar hannu ta yi ta zogi, wani ma ya wayi gari yatsunsa sun ƙi motsi. Mai ciwo ya ce magani ya tayar masa da cuta. Da aka yi bincike sai aka gane cewa garkuwar jikinsa ce ta farka ta far wa ƙwayoyin cutar, rayayyu da matattu, a cikin fata da jijiya, faɗan kuwa shi ke kawo kumburin. Dabarar da aka tsaya a kanta ita ce, a ci gaba da maganin kuturta, a ƙara da wani magani mai kwantar da kumburi, watau firednisolon, kuma a yi hanzari kafin jijiya ta mutu. Likitocin tarin fuka su ma sun ga makamancin wannan, inda kaluluwar wuya kan ƙara girma alhali magani yana aiki. Ka riƙe wannan a zuciyarka, don shi ne mabuɗin amsarka.

Yanzu mu dawo kan ƙanjamau. A watan Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wasu maza biyar a birnin Los Anjelis da suka kamu da wani irin ciwon huhu wanda ba ya kama mai ƙarfin jiki. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi, suka gano ƙwayar cutar. A Nijeriya an ba da sanarwar samunta a 1986, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya. Shi ne kuma ya fito a watan Agustan 1997 ya gaya wa duniya cewa cutar ce ta kashe ƙanensa, mawaƙi Fela, a lokacin da kowa ke ɓoye nasa. Mu nan Arewa a shekarun nan har laƙabi aka yi mata, ana ce mata kabari kusa, domin wanda ya kwanta da ita ba safai yake tashi ba.

Aikin wannan ƙwayar cuta shi ne cinye wasu ƙwayoyin jini da likitoci ke kira CD4, waɗanda su ne kamar shugabannin dakarun jiki. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ma'aunin jinin da ake gwadawa. In suka sauka ƙasa da 200, jiki ya zama gari ba mai tsaro. Ka ɗauka kamar ƙauye ne da masu gadinsa suka watse, ɓarayi suka shigo suka tare a cikin rumbuna, suna ci a hankali ba mai ce musu kanzil. Ranar da masu gadi suka dawo da kulake da wuta a hannu, za a yi artabu, kuma a wajen korar ɓarawo ana iya ƙona rumbun da hatsin da ke ciki. Gari ya fi hayaniya a ranar da tsaro ya dawo fiye da lokacin da ɓarayi ke cin karensu babu babbaka. Abin da ke faruwa a jikin wasu ke nan idan suka fara shan magani.

Maganin farko, AZT, ya fito a 1987. A 1992 wani likita a birnin Perth na Ostareliya, Martyn French, shi da abokan aikinsa suka rubuta cewa wasu marasa lafiyarsu sun yi zazzaɓi da kumburin kaluluwa jim kaɗan bayan fara shan AZT, kuma suka danganta abin da dawowar garkuwar jiki. Ba a mai da hankali sosai ba, domin AZT shi kaɗai ƙarfinsa ba ya ɗorewa. Sai a 1996, a babban taron da aka yi a Bankuba ta ƙasar Kanada, aka bayyana cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar cutar har gwaji ya kasa ganinta. Mutanen da aka riga aka fid da rai da su suka miƙe suka koma aiki. To, a nan ne kuma aka fara ganin wannan rikici da yawa, wani idonsa ya kumbura ta ciki, wani huhu, wani ƙwaƙwalwa. Zuwa 2002 sunan da likitoci ke taƙaitawa da haruffa huɗu, IRIS, ya zauna, ma'anarsa kumburin da ke biyo bayan farfaɗowar garkuwar jiki. Abin sha'awa, a 2003 aka ba da labarin wani ɗan Yuganda a Landan wanda kuturta ta bayyana a jikinsa bayan ya fara shan maganin ƙanjamau. Ka ga labarin ya zagayo ya dawo inda muka faro.

Mu a nan ba mu ga abin da wuri ba, don maganin ma bai zo mana ba. Kuɗinsa a Turai ya haura dala 10,000 a shekara. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin uku a kan dala 350 a shekara, a wannan shekarar kuma shugabannin Afirka suka taru a Abuja cikin watan Afrilu a kan batun cutar. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara rabon maganin a cibiyoyi 25, da nufin kaiwa ga manya 10,000 da yara 5,000, mutum yana biyan naira 1,000 a wata. A 2006 aka mai da shi kyauta, da taimakon Asusun Duniya da shirin PEPFAR na Amurka wanda aka kafa a 2003. A Kano mutane suka riƙa karɓa a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Zana, daga baya aka faɗaɗa zuwa ƙananan asibitoci.

Sai dai yadda mutanenmu suka riƙa zuwa shi ne matsalar. Mutum ya sha jiƙe-jiƙe, ya sayar da akuya ya je wurin wannan da wancan, ya ɓoye saboda kunya, sai an ɗauko shi ranga-ranga sa'an nan a yi gwaji. A lokacin CD4 ɗinsa ya sauka ƙasa da 100, wani ma ƙasa da 50, ga tarin fuka ya riga ya yi sheƙa a jiki. Waɗannan su ne abin ya fi kamawa. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bayanan mutane fiye da 13,000, ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida ko bakwai da suka fara magani yana gamuwa da wannan kumburi. Yawanci yana zuwa da sauƙi ya wuce. Cikin masu tarin fuka da abin ya same su, wajen uku cikin ɗari ne suka rasu. Amma cikin masu wani nau'in sanƙarau da za mu yi bayaninsa, an rasa wajen ɗaya cikin biyar.

Abin yana zuwa ta fuska biyu. Akwai wanda an san cutar da ke jikinsa, ana ba shi maganinta, yana samun sauƙi, sai a ƙara maganin ƙanjamau alamun su dawo. Bisa bayanin takardarka, na ƙanenka ya yi kama da wannan, har lokacin ma ya yi daidai, domin na tarin fuka ya fi tasowa wajen mako biyu bayan farawa. Akwai kuma wanda cutar tana ɓoye ba wanda ya sani, sai garkuwa ta farka ta tono ta. Duka biyun sun fi faruwa cikin watanni uku na farko.

Da likitoci suka ga haka sai gardama ta tashi a tsakaninsu, kuma gardama ce mai ma'ana. Wasu suka ce a jinkirta maganin ƙanjamau har a gama na tari, don a kauce wa kumburin. Wasu suka ce jinkirin ya fi kisa. Aka yi manyan gwaje-gwaje a Afirka ta Kudu da Kambodiya da wasu ƙasashe, sakamakon ya fito a 2010 da 2011. Aka tarar cewa ga mai tarin fuka wanda garkuwarsa ta yi ƙasa ƙwarai, fara maganin ƙanjamau da wuri yana ƙara yawan kumburin, amma duk da haka yana rage mutuwa. Watau gara a sha wahalar dawowar masu gadi da a bar ɓarayi su ƙarasa rumbu. Shi ya sa tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara cikin mako biyu da soma maganin tari, sai fa in ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka likitan da ya ƙara wa ƙanenka magani bai yi kuskure ba, ƙa'idar ke nan.

Ƙwaƙwalwa kuwa hukuncinta daban ne, kuma dalilin a fili yake. Wuya in ya kumbura yana da wurin buɗawa, ƙwaƙwalwa kuwa tana cikin ƙoƙon kai, ba inda za ta je. Akwai wani sanƙarau da wata ƙwayar cuta dangin fumfuna ke kawowa, ana ce mata kiriftokokus, ana samunta a ƙasa da kashin tsuntsaye irin su tattabara. Ba irin sanƙarau na bazara ba ne wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996, wannan a hankali yake shiga, da ciwon kai na makonni. A 2014 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Yuganda da Afirka ta Kudu. Waɗanda aka gaggauta ba su maganin ƙanjamau, 45 cikin ɗari suka rasu, waɗanda aka jinkirta musu zuwa mako biyar kuwa 30 cikin ɗari. Har sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Daga nan aka tsai da cewa mai irin wannan sanƙarau a jira mako huɗu zuwa shida, mai tarin fuka na ƙwaƙwalwa kuma mako huɗu zuwa takwas. Don haka in ka ga likita ya ce wa wani ya fara yau, ya ce wa wani ya dakata, ba son kai ba ne.

Maganin kumburin kuwa, sai ga shi an koma ga abin da ma'aikatan kuturta suka daɗe suna yi. A birnin Kef Tawun, Farfesa Graeme Meintjes da jama'arsa suka nuna a 2010 cewa maganin kwantar da kumburi dangin firednisolon, na mako huɗu, yana rage wahala da kwanan asibiti ga masu tarin fuka. A 2018 suka sake gwadawa a kan mutum 240 a unguwar Khayelitsha, wannan karon a matsayin riga-kafi, aka ga masu kumburin sun ragu daga wajen 47 cikin ɗari zuwa wajen 33.

Amma fa a nan zan ja kunnenka. Kada jin wannan suna ya sa wani ya garzaya kemis. Magungunan wannan dangi su ne wasu ke sha don ƙiba, kuma aikinsu shi ne rage ƙarfin garkuwar jiki. In abin da ke damun mutum tarin fuka ne mai bijire wa magani, ko ciwon hanta, ko wata dajin fata da kan kama masu ƙanjamau, to sun ƙara masa wuta. Ko a sanƙarau na kiriftokokus, wani gwaji na 2016 ya nuna cewa ba da irinsu tun farko cutarwa yake yi. Babu gwajin jini guda da zai ce wannan IRIS ne. Likita sai ya fara kore sauran abubuwa tukuna: zazzaɓin cizon sauro, sabon ciwon huhu, tarin da ya fi ƙarfin magani, ko kuwa mai ciwon ne ba ya shan ƙwayoyinsa daidai. Zai nemi hoton ƙirji da gwajin kaki da na jini, wani lokaci da na fitsari. In wuyan ya tara ruwa sai a zuƙe da allura. Kada a bari wanzami ya tsaga, don ciwon kan daɗe yana zuba. Mafi yawan lokaci ana ci gaba da magunguna biyun duka, sai in rai na cikin haɗari ne likita da kansa kan dakatar da na ƙanjamau na ɗan lokaci.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, sandarewar wuya, amai ba ƙaƙƙautawa, sambatu ko rikicewar hankali, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa, gani biyu-biyu ko dushewar ido, numfashi sama-sama, ko kumburin wuya da ke danne maƙogwaro. Ko ɗaya daga ciki ya bayyana, a nemi abin hawa ko da tsakar dare ne. Ku mutanen Ungogo Allah ya yi muku gyaɗar dogo, domin daga Bachirawa ko Rijiyar Zaki ko Fanisau zuwa manyan asibitocin birni ba wata tafiya ba ce. Kuma in likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, don Allah kada a hana. Na san tsoron da mutane ke yi, ana cewa wane an ɗebar masa ya mutu. Gaskiyar magana ita ce galibi sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake yarda a yi. A irin wannan sanƙarau ruwan ne ke taruwa yana matse ƙwaƙwalwa, ɗibarsa kuwa gwaji ne kuma magani ne, har wani akan maimaita masa kwana da kwanaki, ciwon kai ya sauka nan take.

Saura abu guda da bai kamata a haɗa shi da wancan ba, watau jiki ya ƙi maganin kansa. Wannan ma aikin garkuwa ne, amma hukuncinsa kishiyar na farko ne. Haɗin da aka fara rabawa a Nijeriya yana ɗauke da nebirafin, wanda kan sa wasu ƙuraje a makonnin farko, kaɗan daga ciki kuma fatarsu ta saɓule kamar wanda ya ƙone, baki da ido su yi gyambo, ko hanta ta taɓu ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Shi ya sa a da akan fara da rabin ƙima na kwana 14. Septrin da ake haɗa wa mutane yana iya yin haka, maganin tari ma yana iya taɓa hanta, akwai kuma abakabir wanda in jiki ya ƙi shi sau ɗaya ba a sake kusantarsa har abada. Dafson ma tun zamanin Likita Lowe aka san yana yi wa wasu haka. Daga wajen 2018 zuwa 2019 Nijeriya ta koma kan haɗin TLD, ƙwaya ɗaya a rana, wanda wannan matsala ta yi ƙaranci a cikinsa. Duk da haka, in aka ga ƙuraje tare da zazzaɓi da gyambon baki ko jan ido, ko ido ya yi rawaya, kada a sake haɗiyar ƙwaya sai likita ya gani, kuma a ranar za a je. Ƙanenka dai ba ka ambaci ko ɗaya daga waɗannan a jikinsa ba.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa 0.6, alhali gwajin mata masu juna biyu na 2001 ya ba da 5.8. Tun 2016 kuma ƙa'idar ƙasa ita ce duk wanda aka samu da ita a ba shi magani ba sai ya kwanta ba, wanda ya fara da sauran ƙarfinsa kuwa da wuya ya ga wannan kumburi. Waɗanda ake gani da shi yanzu da yawansu mutane ne da suka fara suka bari. Falke ya tafi Legas ko Maraɗi ya yi wata huɗu ƙwayoyi suka ƙare, ko manomi ya ga jiki ya yi ƙarfi da damina ya ce ya warke. In suka dawo garkuwa ta sake rushewa, sai a koma gidan jiya. Wannan shi ne haɗarin shawarar masu cewa a zubar da magani. Tarin da ke jikinsa zai samu sarari, yana iya koyon bijire wa maganin, kuma ranar da aka sake farawa ana iya sake shan wannan wahalar ko fiye.

Saboda haka, Malam, kada ka jira ranar da aka rubuta masa a kati. Gobe da sassafe ka ɗauke shi zuwa inda yake karɓar magani, in kuwa ɗaya daga alamun can ta bayyana to yau ɗin nan. Ka tafi da katinsa da robobin magungunan duka, har da na gargajiya in an ba shi, kuma ka riƙe ranar da ya fara na tari da ranar da ya fara na ƙanjamau, domin su ne abin da likita zai fara tambaya. In asibitin da bai san shi ba kuka faɗa, ka ja likitan gefe ka gaya masa abin da yake sha. Mutane da yawa kan ɓoye wannan saboda idon 'yan rakiya, likita ya ɓata kwana biyu yana lalube a duhu. Sirrinsa amana ce a wuyan ma'aikaci, kuma tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa mai wannan ciwo bambanci. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ka kuma sake rubuto mana mu ji yadda jikin ya yi.